Yadda za ka zaɓi littafin sharhin Littafi Mai Tsarki don karatunka na gida

'Yan'uwa salama a gare ku. Da yawanmu a nan Kano mun saba da karatun safe, ka tashi ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta sura ɗaya ka yi addu'a ka fita nema, amma akwai ranar da za ka ci karo da wurin da ya fi ƙarfinka, misali Ibraniyawa sura 6 ko wahayoyin Daniyel ko dokokin hadaya a Littafin Firistoci, kuma fasto ba ya kusa, binciken Littafi Mai Tsarki sai tsakiyar mako. A nan ne sharhi yake da amfani, wato littafin da wani masani ya zauna ya bi sura sura aya aya yana bayanin ma'ana. Ba abin kunya ba ne neman taimako, mutumin Habasha ma a Ayyukan Manzanni 8 yana karanta Ishaya a cikin karusarsa sai da Filibus ya hau ya buɗe masa. Matsalar ita ce littattafan sharhin suna da yawa, suna da tsada, kuma ba duka ne suka yarda Littafi Mai Tsarki maganar Allah ce ba. To ga yadda za ka bi.

Da farko tun kafin ka je shago, ka zauna ka yanke wane littafi za ka karanta a watannin da ke gabanka. Wannan matakin mutane suna tsallake shi sosai. Littafi Mai Tsarki littattafai 66 ne, 39 a Tsohon Alkawari 27 a Sabo, ba wanda zai yi musu zurfin bincike lokaci ɗaya. In Markus za ka fara, to Markus kake neman taimako a kai, in Romawa to Romawa. Sannan ka gaya wa kanka gaskiya game da Turancinka da kuma lokacinka. Mai shago a kasuwar Sabon Gari da ke fita tun safe ya dawo bayan magariba a gajiye, ko ma'aikaciyar jinya mai kwanan asibiti, minti 20 ko 30 suke da shi, ba su da abin yi da littafin da zai ci shafi 15 a kan aya 3. Wanda kuma yake koyar da Sande Sukul ko yake jan bincike a zumuntar mata ko ta matasa, shi yana buƙatar wanda ya ɗan fi zurfi.

Na biyu ka san cewa sharhi kala kala ne. Akwai na ibada, wanda ya fi kama da wa'azi a rubuce, yana ɗumama zuciya yana nuna maka yadda za ka yi aiki da ayar, irin na Warren Wiersbe da ake kira jerin Be, na Filibiyawa sunansa Be Joyful na Yakubu Be Mature, Turancinsa mai sauƙi ne ƙwarai. Akwai na tsakiya, wanda yake bayanin abin da ayar take nufi ga mutanen da aka fara rubuta wa, da tarihin wurin da al'adarsu, ba tare da ya cika ka da baƙin harshe ba, a nan ne jerin Tyndale yake da kuma The Bible Speaks Today. Sai na malaman makarantar tauhidi, irin Word Biblical Commentary, shafinsa cike da Girkanci da Ibrananci da muhawarar masana. Wannan na ukun ka bar shi kawai in ba seminari kake shirin shiga ba, kuɗinka zai tafi littafin ya zauna a kan kanta yana shan ƙura. Don karatun gida, na tsakiya shi ne wurin zama, a ɗan haɗa da na ibada.

Na uku, ka fara da mai kundi ɗaya wanda ya ɗauki Littafi Mai Tsarki duka daga Farawa har Wahayin Yahaya. Dalili kuwa, ko Markus kake karantawa zai jefa ka Ishaya ko Malakai, ranar Lahadi kuma fasto zai yi wa'azi daga wani wuri daban, kana so ka samu inda za ka leƙa. A nan ni kam ba na ɓoye ra'ayina, Africa Bible Commentary nake fara nuna wa mutum. Ya fito a 2006, masana 70 'yan Afirka ne suka rubuta shi, babban editansa marigayi Tokunboh Adeyemo ɗan Najeriya ne wanda ya daɗe yana jagorantar ƙungiyar masu bishara ta Afirka kafin ya rasu a 2010, kuma Farfesa Yusufu Turaki na ECWA yana cikin waɗanda suka yi aikin. Abin da ya sa nake son sa, tambayoyin da yake amsawa namu ne. A ciki akwai gajerun rubuce rubuce a kan maita, auren mace fiye da ɗaya, gadon matar mamaci, kakannin da suka mutu, abubuwan da Bature mai rubutu a Ingila ko Amurka ba lalle su zo masa a rai ba, mu kuwa su muke tararwa in mun je ƙauye Kirsimeti. An kuma juya shi zuwa Hausa da sunan Sharhin Littafi Mai Tsarki Don Afirka, saboda haka iyayenmu da ke ECWA Hausa ko HEKAN ko wata ikilisiya da ake sujada da Hausa, da 'yan'uwanmu na wajen Rogo da Sumaila da Tudun Wada da Turanci bai zauna musu ba, su ma ga nasu. In za ka saya wa Baba Dattijo ko Mama kyauta, wannan ka nema.

In Turanci bai dame ka ba kuma kana son na biyu a gefensa, New Bible Commentary na kamfanin IVP, bugun 1994, wanda Carson da France da Motyer da Wenham suka tace, yana da nutsuwa, ba ya zuzuta abu, yana gaya maka ma'ana ya wuce. Believer's Bible Commentary na William MacDonald shi ma ana samunsa sosai kuma yana da sauƙin karatu, sai dai akwai abin da zan faɗa a kansa a gaba.

Matthew Henry fa? Kusan kowane shagon littattafan Kirista yana da shi, kuma kyauta ne a waya. Mutum ne mai tsoron Allah, kuma in ka karanta shi a kan Zabura sai ka ji kana son ka durƙusa. Amma ka san abin da kake saya. Ya rasu a 1714, ya kai ƙarshen Ayyukan Manzanni ne kawai, wasu fastoci ne suka ƙarasa daga Romawa zuwa Wahayi. Turancinsa na shekara 300 da suka wuce ne, a kan juyin King James ya yi aiki, kuma duk abin da aka tono daga ƙasa ko tsoffin rubutun hannu da aka gano bayan zamaninsa babu su a ciki. Cikakkensa kundi 6 ne, wanda ake sayarwa a kundi ɗaya sau da yawa taƙaitacce ne ko kuma an matse rubutun ya zama ƙanana ƙanana. Ka riƙe shi don ibada, kada ya zama shi kaɗai ne malaminka.

Na huɗu, kuma a nan nake so ka fi daɗewa, ka gwada bangaskiyar marubucin kafin ka biya. Bango mai kyau da hoton gicciye ba shaida ba ne. Mai sharhi na bishara, wanda muke kira ibanjelikal, ya yarda da 2 Timoti 3:16 cewa kowane Nassi hurarre ne daga Allah, ya yarda Yesu Allah ne da ya zama mutum, ya mutu domin zunubanmu, ya tashi da jiki, kuma ceto ta wurin alheri ne ta bangaskiya. Yadda za ka gane ba wuya, ka riƙe littafin a shago ka buɗe wurare 3 ko 4 ka karanta a tsaye. Buɗe Luka 1 ko Matiyu 1 ka ga me ya ce game da haihuwar Yesu ta wurin budurwa. Buɗe Markus 6 inda aka ciyar da mutum 5,000, ka ga ko ya ce mu'ujiza ce ko kuwa ya fara kewaye kewaye wai mutane ne suka ji kunya kowa ya fito da guzurinsa. Buɗe 1 Korantiyawa 15 a kan tashin matattu. In na Tsohon Alkawari ne buɗe Ishaya 53 ka ga ko ya kai ka wurin Almasihu. Minti 10 sun isa ka san inda mutum ya sa gaba.

Misali William Barclay na Sikotilan, jerinsa na Daily Study Bible yana da daɗin karatu, ya iya bayanin al'adun Yahudawa da na Romawa fiye da mutane da yawa, fastoci da dama suna da shi. Amma shi da kansa ya rubuta cewa ya gaskata a ƙarshe kowa da kowa zai sami ceto, kuma a kan wasu mu'ujizai yana neman wata fassara. Wanda ya kafu zai iya ɗaukar tarihin ya bar sauran, sabon tuba kuwa ba da shi zai fara ba. Haka Dake's Annotated Reference Bible na 1963 da ya bazu a ƙasar nan, yana da tarin jerin ayoyi amma a ciki akwai koyarwar da yawancin ikilisiyoyin bishara ba su karɓa ba, har da bayanin da ya yi na goyon bayan raba baƙar fata da farar fata a tsoffin bugunsa. Ni ba na ba kowa shawarar ya mai da shi jagora.

Bayan wannan ka duba bayan littafin ka ga wanene marubucin, ina ya yi koyarwa, wace ikilisiya yake, sannan ka duba kamfanin da ya buga. IVP, Zondervan, Crossway, Baker, Moody, Langham da HippoBooks sanannu ne da littattafan masu bishara. Alama ce dai kawai, ba za ta ɗauke maka gwajin da na faɗa a sama ba.

Na biyar, ko a cikin masu bishara akwai bambanci, kuma gara ka san shi tun wuri don kada ka karanta ra'ayin mutum ɗaya ka ɗauka shi ne Littafi Mai Tsarki ya faɗa, ka je ka tayar da gardama a coci. A kan baftisma, Matthew Henry ɗan Firesbiteriyan ne, John Stott kuma Angilikan, duka sun yarda da yi wa jarirai baftisma, ECWA da Baptist kuwa sai wanda ya ba da gaskiya da bakinsa. A kan baye bayen Ruhu, marigayi John MacArthur ya koyar da cewa magana da harsuna ta tsaya tun zamanin manzanni, Gordon Fee kuwa wanda ya rubuta babban sharhin 1 Korantiyawa a 1987 ɗan Assemblies of God ne, ka ga in ka buɗe sura 12 zuwa 14 a wurinsu za ka ji magana biyu. A kan ƙarshen zamani, MacDonald da kuma Bible Knowledge Commentary na malaman seminarin Dallas suna bin tsarin da ya ce za a fyauce ikilisiya kafin babban tsanani sannan a yi mulkin shekara 1,000 a duniya, wasu masu bishara na kirki kuma suna karanta Wahayi 20 ta wata hanya. Duk waɗannan 'yan'uwa ne. Abin da za ka duba shi ne, in ya zo wurin da aka saɓa, yana gaya maka cewa akwai wata fahimta ya kawo hujjarta da adalci sannan ya faɗi tasa, ko kuwa yana yi kamar babu kowa sai shi? Na farkon shi ne malami. Kuma ka tambayi fastonka, ka ce ranka ya daɗe ga littafin da nake son saya, me ka gani, sau da yawa ma zai ciro nasa ya ara maka ka gwada mako ɗaya.

Na shida shi ne gwajin wuri mai wuya. Wasu masu sharhi suna da wata ɗabi'a, ayar da kowa ya gane su cika shafi a kanta, wadda ta kai ka wurinsu kuma su tsallake da layi ɗaya. To ka je shago da tambayarka a rubuce. Buɗe 1 Korantiyawa 15:29 a kan baftisma domin matattu, ko Yakubu 2:24 ka ga yadda ya daidaita shi da Romawa 3:28, ko ƙarshen Markus 16 daga aya 9 zuwa 20 ka ga ko ya yi maka bayanin cewa wasu tsoffin rubutun hannu ba su da wannan sashen da kuma abin da hakan yake nufi. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci gare mu a Kano, domin abokan aikinmu da maƙwabtanmu Musulmi suna yi mana tambaya a kan irin waɗannan wurare, wasu ma sun karanta sosai, kuma gara ka fara jin maganar daga bakin mai bi da ya yi bincike da ka fara jin ta a majalisa ka rasa abin cewa. Sai kuma ka juya gwajin, buɗe ayar da ka haddace, kamar Filibiyawa 4:13 ko Irmiya 29:11. Sharhi mai kyau zai nuna maka Bulus yana ɗaure ne yana maganar yadda ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, Irmiya kuma wasiƙa ya aika wa waɗanda aka kwashe zuwa Babila yana gaya musu sai sun yi shekara 70. In littafin ya ɗauki ayoyin nan ya mai da su alkawarin mota da gida, ajiye shi.

In ka samu mai kundi ɗaya kuma ka ga kana so ka nutsa cikin littafi guda, sai ka sayi sharhin wannan littafin kaɗai. Kada ka sayi jeri dukansa, don a jeri ɗaya marubuta daban daban ne, wani ya yi ƙoƙari wani bai kai ba. A Farawa da Zabura da Karin Magana, Derek Kidner a tsohon bugun jerin Tyndale, gajere ne amma kowace jimla da nauyinta. A Luka, Leon Morris. A Romawa da Ayyukan Manzanni da Afisawa, John Stott. A Galatiyawa da wasiƙun Timoti da Titus akwai Samuel Ngewa ɗan Kenya a HippoBooks, yana kawo misalai irin na gidajenmu. Wanda kuma yake son sanin al'adun zamanin Yesu da manzanni ya nemi IVP Bible Background Commentary na Craig Keener.

Yanzu maganar saye. Ka zaga shagunan littattafan Kirista na Sabon Gari, ka tambayi farashi a wuri 2 ko 3 don yana canzawa da dala. In babu a Kano, Jos ce cibiyar, can ne hedikwatar ECWA da Challenge Bookshop suke, masu buga littattafan Kirista na ACTS kuma suna Bukuru wajen makarantar tauhidi ta TCNN, kuma kullum akwai ɗan coci ko ɗalibin seminari da ke hanyar Jos da zai riƙo maka, ko a ba direba saƙo a tasha. Na gwanjo ba laifi, sau da yawa ma ya fi sabon jabu ƙwari, amma ka bi shafukan ka tabbata ba a yage ba kuma gara ba ta taɓa shi ba. Na jabu kuwa za ka gane shi da rubutu mai dishi dishi da takarda mai nuna bayanta da ɗinkin da ke ɓarewa tun a shago, bayan haka ma haƙƙin masu aikin ne ake ci. Ka kuma duba girman rubutun da idonka, ka tuna da asuba za ka karanta, wani lokaci ba wuta sai fitilar caji.

In kuɗin bai kai ba tukuna, waya tana nan. Blue Letter Bible da Bible Hub suna da tsoffin sharhi kyauta har da Matthew Henry, Enduring Word na David Guzik shi ma kyauta ne kuma Turancin yau ne, YouVersion kuma yana da Littafi Mai Tsarki na Hausa. Sai dai ka kashe data in ka sauke abin da kake so, in ba haka ba WhatsApp zai cinye maka lokacin. Littafi Mai Tsarki mai bayani a ƙasan shafi, irin Africa Study Bible ko ESV Study Bible ko Life Application, shi ma hanya ce mai kyau ga wanda abu ɗaya kawai zai iya saya.

Sai yadda za ka yi amfani da shi in ya shigo gida, don a nan ake yin kuskure mafi girma. Duk wanda ya zauna a Kano ya ji tafsirin azumi a lasifika, mai jan baƙi ne yake fara karanta ayar sannan malam ya yi bayani, ba a taɓa juya tsarin. Kai ma haka, Nassi ne farko. Yi addu'a, karanta sashen sau 2 ko 3, in kana da juyi biyu ka haɗa, misali na Hausa na 1979 da Sabon Rai Don Kowa, ko tsohon na 1932 in gidanku akwai, ko Hausa da Turanci. Ka samu littafin rubutu ka rubuta wa ke magana, da wa yake, me ya zo kafin wurin, me ya biyo baya, me ka gane, me ya shige maka duhu. Sai bayan nan ka buɗe sharhin. Kuma kada ka tsallake gabatarwar da ke farkon kowane littafi, inda ake bayanin wa ya rubuta, yaushe, saboda me, yawancin amfanin kuɗinka a nan yake. Duk ayar da mai sharhin ya kawo a matsayin hujja ka buɗe ta ka gani da idonka, kamar mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11 da suke bin Nassi kowace rana su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. In ka ga inda ba ka yarda da shi ba, sa alama da fensir a gefe, ka duba wani sharhin na biyu, ka kai wa fasto ko dattijo ranar bincike. In ka gama littafin da ka fara, ka koma kan tambayoyin da ka rubuta tun farko ka ga nawa aka amsa, waɗanda suka rage su za su nuna maka wane sharhi za ka fara tara wa kuɗi a gaba.